Mutanen da Ba Mu Kira Jana'izarki Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowannenmu zai koma. Da hantsin ranar Talata, 15 ga watan Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran Injiniya Juwairiyya Ladan a wani asibiti da ke Largo, a jihar Maryland, tana da shekara hamsin da huɗu. Lafiya lau ta tashi, ta yi sallar asuba, ta ɗora ruwan shayi, sai ta ce wa mijinta Malam Rilwanu kanta yana sara mata. Kafin motar asibiti ta iso ta daina magana. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Washegari bayan azahar aka sallace ta, aka kai ta makwancinta.

Yaya, sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami. Mutane da yawa sun riga ni, sun faɗi karatunki da kyautarki da yawan azuminki, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni labarin da zan bayar shi ne na aikin da kika tafi kika bar min a tsakiya, da tsofaffin da ke jiran a gama shi kafin guguwar lokacin zafi ta sake ɗauke musu wuta. Tun ranar da kika rasu da tsoron nan nake kwana, da shi nake tashi.

Ga wanda bai san ta ba, Yaya Juwairiyya 'yar Funtuwa ce. Injiniyar lantarki ce, ta yi shekaru a wani babban kamfani a Washington kafin ta ajiye aikin ta buɗe nata. Ɗan ofis ne mai tebur biyu a saman wani shagon aski a Largo, ɗaya nata, ɗaya nawa. Coci-coci da masallatai da ƙungiyoyin 'yan haya da hukumomi sukan ɗauke mu mu ba su shawara: yadda za a sa sola, yadda za a toshe kafofin da sanyi ke shiga gida, inda ya kamata a dasa bishiya. Amma abin da ya fi damunta shi ne wa zai amfana. Ta lura cewa duk abin alherin da ya zo, a unguwannin masu hali yake fara sauka, unguwannin baƙaƙen fata kuma a ce su jira zagaye na gaba, zagayen da ba ya zuwa.

Haɗuwarmu ma abin dariya ce. Lokacin ban daɗe da zuwa ƙasar nan ba, ina aikin kula da tsofaffi, digirina na lantarki daga Zariya yana kwance a ƙasan akwati. Wata ranar sanyi na taso daga aiki da safe, barci ya sace ni a jirgin ƙasa, ban farka ba sai a Largo, inda layi ya ƙare. Na buɗe ido na ga kowa ya fita, na ce da ƙarfi, “Na shiga uku!” Sai na ji wata murya a bayana ta ce, “Ba ki shiga ko ɗaya ba, 'yan mata, ƙarshen layi ne.” Na juya na ga doguwar mace da gyale a kan jibgegiyar rigar sanyi tana min dariya. Kuka na fashe da shi, don na yi wata da watanni ban ji Hausa a bakin mutum ba sai ta waya. Ke ce, Yaya. Kika kai ni gidanki, kika ɗumama min tuwo, kika yi ta tambayata kamar 'yar sanda. Da kika ji abin da na karanta da abin da nake yi, kika tafa hannu kika ce, “Kin san wayar wuta, kin san halin tsofaffi. Ai ke nake nema.” Daga ranar na zama Sadiyyar Juwairiyya a bakin mutanenmu, har wasu suna zaton uwarmu ɗaya.

Ranar da za mu je taron unguwa na farko tare, kika tsayar da mota a bakin titi kika juyo kika kalle ni. Kika ce, “Sadiyya, mu a jirgin sama muka zo, da takardun makaranta a jaka. Kakannin mutanen nan a cikin sarƙa aka kawo su. Don fatarmu ɗaya, wannan bai ba ki izinin yin magana da bakinsu ba. Idan mun shiga, ki zauna ki saurara.” Na ga injiniyoyi da yawa masu ilimi a garin nan, amma kaɗan ne suka yarda cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kuwa da wannan kika yi aiki har kika koma ga Allah.

Ba za a ce ba ki da tsokana ba. Na tuna wasu manyan ma'aikata da suka yi ta jan maganar dashen bishiya a wata unguwa, kullum sai an ƙara nazari. Kika gayyace su ganin wurin a tsakiyar watan Agusta, da rana tsaka, kika ce su ajiye motocinsu a tashar bas. Kika sa su taka da ƙafa daga nan zuwa ƙofar gidajen, hanyar da tsofaffi ke bi kullum da kayan cefane, ba inuwa ko ta sandar fitila. Kafin a kai rabi, ɗaya ya cire kwat, ɗaya ya jingina da shinge yana haki. Ke kuma kina gaba da lemarki, kina ta ba su labarin zafin Funtuwa. Da aka isa kika raba musu ruwan sanyi kika ce, “To, yanzu mu koma ofis mu ci gaba da nazari.” Gani ya kori ji. Kafin shekara ta zagayo an dasa bishiyoyin.

Amma aikin da ya fi shiga ranki shi ne na wani gidan tsofaffi mai hawa shida da ke kusa da ofishinmu. Kusan duk mazauna gidan baƙaƙen fata ne da suka gama aikin gwamnati ko na asibiti, suna zaune a kan ɗan fansho. Shugabar ƙungiyarsu ita ce Mama Constance, tsohuwar malamar firamare, ta haura tamanin, da robar iska a hanci da na'urar da ke ba ta numfashi a gefen kujera. Ba a motsa tsinke a gidan sai da yardarta. Zuwanki na farko a bakin ƙofa ta bar ki a tsaye. Kika rusuna kika gaishe ta yadda muke gaida manya, ta zaci wani abu ne ya faɗi a ƙasa, har ta fara taya ki dubawa. Kika yi ta komawa, ba takarda, ba kwamfuta. Ina kwana, ya gwiwa, ya jikoki, ya kyanwa, ya muka ji da sanyi. Rannan ta gaji ta ce cikin Turancinta mai kaifi, “Baiwar Allah, me kike sayarwa ne?” Kika ce, “Ba komai, Mama. A garinmu ba a fara magana sai an gama gaisuwa, ni kuma ban gama ba tukuna.” A ranar ta ce ki shigo ki zauna.

Bara, a watan Yuli, aka yi guguwar da ta kayar da bishiyoyi a kan wayoyin wuta. Gidan ya yi kwanaki cikin duhu da zafi. Lif ya tsaya, magungunan da ke firji suka lalace, na'urar Mama Constance ta mutu, ta koma kan ƙananan tukwanen iska tana kallon su suna ƙarewa. Wani dattijo a hawa na biyar sai 'yan kwana-kwana ne suka sauko da shi, kuma bai dawo gidan ba. Ke da hawan jininki kika yi ta hawa bene da buhunan ƙanƙara a ka, ina binki ina faɗa kina yi kamar ba da ke nake ba. Da wuta ta dawo, Mama Constance ta kama hannunki ta ce, “Je ki kawo mana wutar ranar nan taki da kike ta magana.”

Aka sa sola a rufin gidan kafin sanyi ya wuce. Sai dai sola kaɗai ba ta ceton kowa idan wuta ta ɗauke, sai da manyan batura da za su riƙe lif da firji da na'urorin numfashi. Wurin da ya dace a gina musu ɗaki shi ne rabin zauren ƙasa, inda tsofaffin ke karta, suke bikin ranar haihuwa, suke cin abincin makokin 'yan uwansu. An taɓa karɓe musu ɗakin wanki da alkawarin za a gina sabo, ba a gina ba, don haka maganar ba da wuri ba ƙaramar magana ba ce a wurinsu. Masu gidan sun riga sun yarda, doka ma ba ta ce sai an tambayi 'yan haya ba. Ke kika kafe cewa ba za a ɗora bulo ko ɗaya ba sai mazauna gidan sun taru sun ɗaga hannu. 'Yan kwangila suka ce idan ba a fara a watan Mayu ba, za su tafi wani aikin sai bayan lokacin zafi. Aka sa taron ranar Alhamis. Kika rasu ranar Talata.

Muka yi abin da muka sani. A wurinmu gaggauta suturar mamaci shi ne girmama shi. Maza suka bazama neman takardun asibiti da wurin kabari, mata muka cika gidanki da kuka da tukwane. Waya ta yi ta tafiya, Laurel, Annandale, Baltimore, Funtuwa, Kaduna, har Jidda. Duk wanda ke jin Hausa a yankin nan ya ji. Gidan tsofaffin nan da kika ba shekarunki na ƙarshe, wanda daga tagar ofishinmu ana hango rufinsa, bai faɗo wa kowa a rai ba.

Ranar Alhamis na je in gaya musu. Na tarar wani ya riga ya ji a shagon aski, labari ya zaga gidan. Zauren ya cika, an shirya kujeru, wasu matan suna share hawaye. Mama Constance ta miƙo min hannu biyu ta rungume ni, sannan ta ce, “Yaushe ne jana'izar? Mun yi magana da mai bas ɗin coci, duk za mu je. Ki faɗa mana irin kayan da ya kamata mu sa, kada mu yi abin da bai dace ba.” A wurinsu gawa takan yi mako biyu ana shiri, ana jiran na nesa. Na ce, “Mama, an binne ta jiya.”

Ta sake ni a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, “An gama komai, sannan aka zo gaya mana. Mun saba da wannan. Na dai zaci ku daban ne.” Ta juya keken guragunta ta nufi lif, sauran suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Na so in yi bayanin addini da al'ada, amma ba wanda ya tsaya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ni ce a gabansu, ni na kwashi fushin. Ba a yi taro ba, ba a kuma sa wata rana ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya ga irinsu. Zaman makoki a ƙasar nan gajere ne, kuma ban zargi kowa ba: wannan yana da aikin dare a asibiti, wancan zai buɗe labarai a gidan rediyo, yara suna da makaranta. Kowa ya koma harkarsa, ni na koma ofis. Silifas ɗin alwalarki suna nan a bayan ƙofa, dardumarki a naɗe a kan kujera, ban iya taɓa su ba. Idan azahar ta yi nakan ɗaga kai in jira ki ce, “Tashi, malalaciya, sola ba za ta yi miki salla ba.” Tun safe har yamma ba wanda nake wa Hausa. Na kira Mama Constance ba ta ɗauka ba, na je ƙofarta aka ce tana hutawa. 'Yan kwangila kuma kullum sai sun kira. Duk ranar da na ga hadari ya haɗu sai gabana ya faɗi, in tuna robar nan da ke hancinta. Na ji kaɗaici irin wanda ban ji ba ko a shekarata ta farko, don a lokacin ban san daɗin samun 'yar uwa a nan ba balle in san rashinta.

Ana nan sai ga wayar Mama Constance. Ba gaisuwa, ta ce, “Ina so in ga inda kuka sa ta.” Na ce ban san wurin ba. Ta ce kamar yaya ban sani ba? Na ce a al'adarmu mata ba sa raka gawa makabarta, a gida muka tsaya, daga bakin ƙofa na ga tafiyarki. Sannan ta ce, “Ke ma ba su je da ke ba?”

Na sami Malam Rilwanu a gida yana zaune shi kaɗai a falo, ya rame. Na ce, “Baban Afnan, ga abin da ake ciki, ban san ko ya halatta ba.” Ya ce, “Malamai sun yi saɓani a kan ziyarar mata, amma akwai waɗanda suka halatta idan ba kururuwa. Ku je, Sadiyya. Da tana nan da kanta za ta ja motar.” Ya kwatanta min: layin ƙarshe, kusa da shinge, inda ƙasar ba ta riga ta kwanta ba.

Muka tafi mu biyu da safe, kekenta a bayan mota, tukunyar iska a tsakanin ƙafafunta, furanni a kan cinyarta. Makabartar Musulmi ce a can bayan gari. Na tura kekenta a kan ciyawa da ƙyar har muka kai. Jar ƙasa ce a tattare, da 'yar alama ƙarama, ba dutse, ba hoto. Ta daɗe tana kallo, na san tana neman abin da idonta ya saba gani. Ta tambaye ni ko ta ajiye furannin. Na ce mu ba mu saba ba, addu'a muke yi, amma ba wanda zai hana ta. Ta ce, “A'a. Ta bi na gidanmu shekara da shekaru, yau sai in bi na gidanta.” Ta bar su a cinyarta. Na yi miki sallama, na karanta abin da na iya. Ita ma ta sunkuyar da kai ta yi tata.

Da ta ɗago sai ta shiga yi miki faɗa kamar kina zaune a falonta. Ta ce kin yi mata alkawarin za ki tsaya kusa da ita ranar da za a kunna baturan. Ta ce ita da ke da na'ura a hanci tana nan, ke mai hawa bene da ƙanƙara kin tsere, wannan wane irin rashin kunya ne. Ta yi kuka, na yi. Sannan ta juyo gare ni ta ce, “Ke kuma wa gare ki a ƙasar nan?”

Yaya, na buɗe baki in lissafa mutanenmu, masu kirki ne duk, za su zo idan an kira su. Amma na san ba abin da take tambaya ke nan ba. Sai na nuna mata jar ƙasar da ke gabanmu.

Muka kama hanya har muka kusa gida. Ta ce, “Zan kira taro ranar Asabar. Ban yi miki alkawarin hannun kowa ba, ke za ki tsaya gabansu. Ki zo da wuri ki ci abinci, kin rame.”

Ranar Asabar ba a fara da maganar batir ba. Sai da suka yi miki nasu makokin. Suka dafa tukunyar ganye da naman talotalo, wata ta raɗa min cewa tun da kika fara zuwa suka daina sa naman alade a girkin taro, kuma ba su taɓa gaya miki ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suna ba da labarinki, abubuwan da ni ma ban sani ba: wanda kika kai asibiti, wadda kika zauna da ita ranar da ɗanta ya rasu. Daga nan na tashi, na ba su haƙuri a madadin mutanenmu, na yi bayanin ɗakin da abin da za su rasa na zaurensu, ban rage komai ba. Aka yi tambayoyi masu zafi. Wani dattijo ya ce shi bai yarda ba, kuma har aka tashi bai yarda ba. Sauran suka ɗaga hannu. Magina sun fara aiki, bango ya kai ƙugu. Ko za a gama kafin guguwar farko, Allah ne masani, amma kullum da safe ina can, kuma sai na hau na gaida Mama kafin in duba aikin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Rilwanu, da 'yarku Afnan, da mahaifiyarki da 'yan uwanki a Funtuwa, da dukan jama'armu na yankin Washington. Ina kuma miƙa ta, ko da ta makara, ga Mama Constance da mazauna gidan nan mai hawa shida, waɗanda suka yi rashi kamar yadda muka yi, ba mu kira su ba.

Allah Ya jiƙanki, Yaya Juwairiyya. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa inuwar da kika nema wa bayinSa ta zame miki inuwa ranar da babu wata sai taSa. Allah Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki, Ya ba iyalinki haƙurin rashinki, Ya raya Afnan a kan tarbiyyarki. Ni kuma da kika bari a ofis mai tebur biyu, idan tawa ta zo a ƙasar nan, Allah Ya sa in cika da imani, Ya kuma sa a sami wanda zai san wa ya kamata a kira. Amin.

Sadiyya Ubale
Laurel, Maryland